Fi'ili Mai Wutsiya a Ingilishi: Yadda Ake Gina Majahulinsa da "Must", "Should" da Ƴan'uwansu

Ƴan'uwa ɗalibai, akwai wata irin jimla ta Ingilishi da ke yawan tare mu a hanya, kuma da yawanmu rabinta kawai muke ganewa. Ga uku daga cikinta:

All phones must be switched off.
The form should be filled in.
The match may be called off.

Ta farko tana cewa dole a kashe duk salula. Ta biyu, ya kamata a cike takardar. Ta uku, mai yiwuwa a soke wasan. Irin waɗannan jimloli su ake rubutawa a saman takardar jarabawa, da ƙofar ofis, da jikin kwalin magani, da kayan da ke shigo mana daga Kano ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa. Jimlolin doka ne da gargaɗi, wanda bai gane su ba yana iya karya doka bai sani ba, ko ya zubar da maki a BEPC a banza. Kuma tun da dokar sabunta ƙasa ta 2025 ta sa Ingilishi cikin harsunan aiki na Nijar tare da Faransanci, ai sai ƙara haɗuwa da su za mu yi.

Abin daɗin shi ne, mu ƴan madarasa muna da sa'a a wannan darasi. Kusan duk abin da ke cikin jimlar mun riga mun san shi a nahawun Larabci, ko a Faransanci, ko a Hausarmu ta gida. Abu ɗaya ne kawai sabo, shi ne wutsiyar nan da ke ƙarshe. A kanta ne za mu fi tsayawa.

Abubuwa uku da suka haɗu

Na farko, fi'ili mai wutsiya. Malaman Ingilishi suna ce masa "phrasal verb". Fi'ili ne da ake liƙa masa ƴar ƙaramar kalma kamar "off", "in", "out", "up", "after", sai ma'anarsa ta juye. "Look" duba ne. Amma "look after" kula da abu ne, "look for" nema, "look into" bincike, "look down on" kuwa raini. "Put" ajiyewa ce, "put off" ɗagewa zuwa wani lokaci, "put out" kashe wuta. Kada wannan ya ba mu mamaki, mu ma muna da irinsa. "Ya tafi" daban, "ya tafi da keken" daban. A ta farko mutum ne kawai babu, a ta biyu har da keke. Ƴar "da" ɗin nan ita ta canza labarin.

Na biyu, majahuli, wato a faɗi aiki ba tare da an sa mai aikin a gaba ba. A Larabci muna cewa "katabal waladud darsa", in muka ɓoye yaron sai mu ce "kutibad darsu". Maf'uli ya hau kujerar fa'ili, ya zama na'ibul fa'ili, ya karɓi rufu'a. A Hausa kuwa da "an", "a", "aka", "za a" muke yi: an rubuta darasi. Ingilishi yana yinsa da fi'ilin "be" tare da siga ta uku ta fi'ili, wadda ke layi na uku a jerin da muke haddacewa: write, wrote, written.

Na uku, mataimakan da ake kira "modal". Manyansu tara ne: can, could, may, might, must, shall, should, will, would. Su ke nuna ko aikin dole ne, ko shawara ce, ko izini, ko zato. Suna da halaye uku da ba sa canzawa: ba sa ɗaukar "s" ko da mutum ɗaya ake magana, ba a sa "to" bayansu, kuma fi'ilin da ke bin su tsirara yake zuwa. Akwai "ought" wanda yake kusa da "should" a ma'ana, shi kam da "to" ɗinsa yake tafiya.

Tsarin jimlar

Jerin gwanon ba ya canzawa: mataimaki, sai "be", sai siga ta uku, sai wutsiya. Mu ɗauki jimla mai fa'ili a fili:

We must hand in the homework tomorrow.

Wato dole mu miƙa aikin gida gobe. Taki uku za mu yi. Mu ɗauko abin da aka yi wa aikin, "the homework", mu kai shi gaba. Mu bar mataimakin yadda yake, mu sa masa "be". Sai mu juya "hand" zuwa "handed", mu bar "in" tana biye da shi.

The homework must be handed in tomorrow.

Dole a miƙa aikin gida gobe, ke nan. Wanda ya san Faransanci zai ga ai ya saba da wannan gini: "le devoir doit être corrigé". "Doit" shi ne "must", "être" shi ne "be", "corrigé" ita ce siga ta uku. Ingilishi ma ya fi sauƙi, domin a Faransanci sai ka kula da "doit" da "doivent", ka kuma daidaita ƙarshen fi'ili da mace ko jam'i. A Ingilishi littafi ɗaya ne ko ɗari, "must be handed in" ne dai.

In abin da aka kai gaba lamiri ne, yana canza riga kamar yadda na'ibul fa'ili ke karɓar rufu'a. "Him" ya koma "he", "them" ya koma "they", "us" ya koma "we". "We must look after him" sai ta zama "He must be looked after".

Yanzu ga yadda ma'ana ke sauyawa da sauyin mataimaki:

The fire must be put out. Dole a kashe wutar.
The rubbish should be thrown away. Ya kamata a zubar da sharar.
The word can be looked up. Ana iya duba kalmar a ƙamus.
The exam may be put off. Mai yiwuwa a ɗage jarabawar.
The wall might be pulled down. Wataƙila a rushe katangar.
The results will be read out. Za a karanta sakamakon kowa ya ji.

Ku lura da fassarar. Duk da "a" ko "ana" aka yi ta. Wannan ita ce hanya mafi tsabta ta mayar da irin wannan jimla Hausa, kuma in kana son ka tabbatar ka gane ta, gwada ta da "a" ɗin nan.

Me ya sa wutsiya ke zama ita kaɗai a ƙarshe?

A nan ne ido ke cewa jimlar ba ta cika ba. Duba wannan:

The matter must be looked into.

Dole a binciki al'amarin. Ɗalibi yakan tsaya ya ce, to "into" me? Dalilin tambayar shi ne duk harsunanmu uku ba sa barin irin wannan kalma ita kaɗai. A Larabci in fi'ili yana tafiya da harafi, kamar "nazara fil amri", majahulinsa "nuzira fil amri" ne. Harafin "fi" yana nan riƙe da sunansa, ba su rabu ba. Faransanci kuwa gudun majahulin ma yake yi a irin wannan wuri, ya koma ga "on": "on doit s'occuper des enfants". Mu kuma a Hausa in muka kai suna gaba, sai mun bar masa wakili a baya. Muna cewa "yaran nan, dole a kula da su". Ba mai cewa "dole a kula da" ya yi shiru.

Ingilishi shi ne ya saba wa sauran. Yana kai sunan gaba, ya bar wutsiyar a baya, kuma ba ya sa wakili:

The children must be looked after.

Saboda haka Bahaushe yakan faɗa ɗaya daga rami biyu. Ko dai ya ƙara wakilin Hausa ya rubuta "looked after them", ko kuma ya ga wutsiyar ba ta da amfani ya yanke ta. Dukansu kuskure ne, amma na biyu ya fi haɗari, domin yana iya juya magana gaba ɗaya. "The meeting will be called off" soke taro ne. In ka yar da "off" ka ce "The meeting will be called", ka ce za a kira taro, ka ga mutane za su zo wurin da aka ce kada su zo. Haka nan sauya wutsiya da wata. In aka ce "The goat should be looked after", akuya tana gida, kulawa take so. In aka ce "looked for", to ta ɓata ne, a fita nema.

Mafita ita ce mu daina ganin fi'ilin da wutsiyarsa a matsayin kalmomi biyu. Kalma ɗaya ce da aka rubuta da tazara a tsakani. Ko da wutsiyar biyu ce, dukansu ake ɗauka:

The poor must not be looked down on. Kada a raina talakawa.
This rule should be done away with. Ya kamata a kawar da wannan doka.

Akwai kuma wani sauƙi da majahuli ke kawowa. A jimla mai fa'ili, wasu daga cikin fi'ilan nan suna yarda a raba su da wutsiyarsu: "switch off the radio" daidai ne, "switch the radio off" ma daidai ne, in kuma lamiri ne dole a tsakiya, "switch it off". Wasu kamar "look after" ba sa rabuwa sam. Wannan rarrabewa tana wahalar da ɗalibai ƙwarai. To a majahuli maf'ulin ya riga ya tafi gaba, babu abin da zai shiga tsakani. "The radio must be switched off", shi ke nan.

Wani lokaci za ka ga ƙananan kalmomi biyu sun yi karo, kada ka ɗauka kuskuren bugu ne. In ana son a ambaci mai aikin, "by" tana zuwa bayan wutsiya: "The baby should be looked after by her aunt." Har ma ana samun "in" biyu a jere:

The form must be filled in in capital letters.

Ta farko wutsiyar "fill" ce, ta biyu ta manyan baƙaƙe ce. A cike takardar da manyan baƙaƙe. A Ingila an fi cewa "fill in", a Amurka "fill out", ma'anar ɗaya ce.

Korewa da tambaya

"Not" tana zama bayan mataimaki kai tsaye, kafin "be".

The gate must not be left open daban take, domin babu wutsiya a cikinta, amma gurbin "not" ɗaya ne da na waɗannan:

The receipt must not be thrown away. Kada a yar da rasit ɗin.
The truth cannot be covered up. Gaskiya ba ta ɓoyuwa.

Ku dubi fassara ta biyu. Hausa tana da siga mai kyau ta "cannot be": ba ya gyaruwa, ba ta ɓoyuwa, ba ya ɗaukuwa. In ka ga "cannot be" tuna da ita.

Wurare biyu ne ke son hattara. Na farko, "must not" hani ne, ba sassauci ba ne. In kana nufin ba dole ba ne, "need not" za ka ce. "The shoes must not be taken off" yana nufin kada a cire takalma. "The shoes need not be taken off" yana nufin ba sai an cire ba, wanda ya so ya cire. Na biyu, "may not" tana da fuska biyu. A jikin sanarwar ɗakin karatu, "Books may not be taken out" hani ne, ba a yarda a fita da littattafai ba. Amma in aboki ya ce maka "The results may not be given out today", zato yake yi, mai yiwuwa ba za a ba da sakamako yau ba. Wurin da aka faɗi maganar shi ke nuna wacce ake nufi.

A tambaya kuwa mataimakin kaɗai ke tsallakowa gaba, sauran suna zaune inda suke:

Can the exam be put off? Ana iya ɗage jarabawar?
When should the money be paid back? Yaushe ya kamata a biya bashin?

In abin ya riga ya wuce

Don magana a kan abin da ya shige, "be" tana komawa "have been". Saura duk yadda suke. Kuma "have" ce kullum, ba a cewa "has" bayan mataimaki.

The letter should have been sent back. Da ya kamata a mayar da wasiƙar, amma ba a mayar ba.
The fire could have been put out. Da an so da an kashe wutar, amma ba a yi ba.
The bag might have been left behind. Wataƙila an baro jakar a baya.
The light must have been switched off. Lalle an kashe fitilar.

Ta ƙarshen nan a kula da ita. "Must have been" ba ta nufin dole ta doka. Hasashe ne mai ƙarfi, kamar ka tarar da ɗaki da duhu ka ce lalle wani ya kashe fitila. In kana son ka ce an tilasta yin abu a baya, "had to be" ake cewa: "The goat had to be tied up", sai da aka ɗaure akuyar dole.

Waɗanda ba sa shiga majahuli

Ka'idar nahawu ce da muka sani: fi'ilin da ba shi da maf'uli ba shi da abin da zai hau kujerar fa'ili. Don haka "get up", "come back", "go out", "grow up" ba sa shiga wannan gini. Ba a cewa yaro "must be grown up" da nufin a rene shi. Na reno shi ne "bring up": "Children should be brought up well", ya kamata a yi wa yara tarbiyya mai kyau.

Wasu kuma ma'ana biyu gare su, ɗaya tana shiga, ɗaya ba ta shiga. In jirgin sama ya tashi ana cewa "take off", babu majahuli. In takalmi aka cire, nan ma "take off" ne, kuma "Shoes must be taken off" daidai ce. Mota in ta lalace a hanya "break down" ta yi da kanta, sai a ce "The car may break down". Amma ƙofa in za a ɓalle ta, "The door must be broken down". Gwajin mai sauƙi ne. Tambayi kanka, wa aka yi wa aikin, ko me aka yi wa? In babu amsa, bar jimlar yadda take. Akwai kuma ƴan kaɗan da suke da suna a bayansu amma duk da haka ba a juya su, kamar "take after", wato ɗauko kamannin uwa ko uba.

Kurakuran da jan biro ya fi kamawa

Bayan yanke wutsiya da ƙara wakili, akwai uku da ke yawan fitowa a kaye. Mantuwa da "be", a rubuta "must switched off". Sa "to" bayan mataimaki, a rubuta "must to be", wataƙila don kunne ya saba da "yajibu an". Sai kuma ɗauko siga ta biyu a maimakon ta uku, kamar "took" a gurbin "taken", ko "threw" a gurbin "thrown", ko "gave" a gurbin "given". A ɗaya gefen, "put", "cut" da "shut" ba sa canzawa ko kaɗan, don haka kada a ƙirƙiro musu "ed".

Kunne ma yana da nasa rikicin. A bakin masu harshen, ƙarshen fi'ili yana mannewa da wutsiya. "Filled in" za ka ji ta kamar "fildin", "called off" kamar "koldof", "should have been" kuma kamar "shudabin". In kana sauraron labarai a rediyo, kasa kunne ga ƙarshen jimla, can ne ma'anar take.

A ina ya dace a yi amfani da shi?

Wannan gini na sanarwa ne, da doka, da rahoto, da duk inda aikin ya fi mai aikin muhimmanci. Yana kuma da ladabi. In ka ce wa babba "You must pay back the money", ka nuna shi da yatsa. In ka ce "The money should be paid back", ka faɗi gaskiya ba ka ci fuskarsa ba, kamar yadda muke cewa "ya kamata a biya" alhali kowa ya san wa ake nufi. Amma a hira da aboki, ko in kana ba da labarin abin da kai ka yi, jimla mai fa'ili ta fi daɗin ji. Kada a cika rubutu da majahuli don a nuna an iya.

Gwaji

A juya waɗannan zuwa majahuli. Ɗaya daga cikinsu tarko ce.

1. You must put away the books.
2. They may put off the wedding.
3. We should look after orphans.
4. Somebody should have turned off the tap.
5. Can they send back the parcel?
6. The bus might break down.

Amsoshi: ta ɗaya, The books must be put away. Ta biyu, The wedding may be put off. Ta uku, Orphans should be looked after. Ta huɗu, The tap should have been turned off. Ta biyar, Can the parcel be sent back? Ta shida ba ta juyuwa, domin babu maf'uli.

Wanda ya ci biyar ko shida, hannunsa ya faɗa. Wanda bai kai ba, ya sake duba amsoshinsa ya ga ko "be" ce ta ɓace ko wutsiya, domin yawanci ɗayansu ne. Shawara ta ƙarshe ga masu shirin jarabawa: a ware shafi a bayan kaye na Ingilishi. Duk fi'ili mai wutsiya da aka ci karo da shi, a rubuta shi da wutsiyarsa a layi ɗaya, a sa sigarsa ta uku, sannan a gina masa jimla ɗaya da "must be" ko "should be" a kan wani abu na gida ko na aji. Uku a mako sun isa. Kafin hutun damina ya zo, shafin zai cika, kuma sanarwar da ke ƙofar ɗakin jarabawa ba za ta ƙara ba mu tsoro ba. Allah ya ba da sa'a.